Daga bakin akwati: a faɗi maganar taro tun kafin ranar taro



Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, mata sun ƙware a zubi, da riƙon makullan akwati, da cin tarar wadda ta makara. Abin da ke kayar da mu a nan Kurfai shi ne babbar magana ta faɗo tsakiyar taro ba shiri.

Kaka ta yi, gero ya yi araha a kasuwar Filinge. Shugaba ta ce, “Buhu nawa za mu saya mu ajiye har bazara?” Sai kowa ta yi tsit. Wannan ba ta san kuɗin tiya ba, waccan sai ta shawarci maigida, ma'ajiya kuma ba ta lissafa abin da ke hannun masu bashi ba. A ɗage sai mako mai zuwa. Kafin nan ƴan kasuwa sun kwashe, tiya ta hau. Ko kuma mata biyu masu baki su yanke, sauran su kai gunaguni bakin rijiya.

Saboda haka kafin a kulle akwati, sakatariya ta faɗi ajandar taro na gaba da babbar murya. Magana uku ta isa. In ta kai bakwai, ba mai riƙewa. Kowace magana a ɗora ta a kan mutum: wance ta tambayo farashi ranar kasuwa, wance ta dubo ɗakin ajiya, ma'ajiya ta zo da lissafi. Da yawanmu ba mu karatu, don haka kwana biyu kafin taro a maimaita da saƙon murya ta WhatsApp. Wadda ba ta da waya, maƙwabciyarta ta leƙa ta gaya mata.

Amma a kula da maganar bashi. A ce “bashin da lokacinsa ya cika”, kada a kama suna, don saƙo yana yawo har wayar kishiya. Shugaba ta taka da ƙafarta gidan mai bashin, su yi magana cikin ɗaki, ta samu kwanakin neman kuɗi ko shirya uzurinta.

Ranar taro, in an gama zubi, a fara da magana mafi nauyi. In aka bar ta ƙarshe, masu ɗora tukunyar dare sun fara ɗaukar takalma.