Kafin mu biya a buɗe mana shafin kasuwanci



Mun lura 'yan kasuwarmu na nan Legas sun fara biyan kuɗi ana buɗe musu shafin intanet. Madalla. Sai dai da yawa ado kawai suke saye: manyan hotuna da rubutu mai yawo, shafin kuma ya ƙi buɗewa a waya. Mai saye ba ya jira, gaba yake yi.

Mai neman buhun albasa a Mile 12 ko ragon layya a Agege, Google yake shiga, galibi kuma da Turanci yake rubutawa. In shafinmu bai ambaci sunan kaya da unguwa a harshen da yake nema ba, da wuya ya gan mu, ko da kayanmu sun fi na kowa. Google kuma yadda shafi yake a waya yake dubawa.

Don haka muna ganin a sa farashi, adireshin shago da maɓallin WhatsApp tun daga sama, kada mutum ya sha wahalar nemansu. A yi rajistar Google Business Profile, kyauta ne, shi ke nuna shago a taswira.

Abu mafi muhimmanci, sunan shafin a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka. In yana hannun wanda ya gina maka, ranar da kuka saɓa, shago ya tafi da kwastomominsa.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.