Kafin ka tura bidiyon, wa ya ƙera jitar?

Kun san irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Instagram: hannu kawai ake nunawa, yana fiƙe katako, ya shafa gam, ya ɗaura tsirkiya, kafin daƙiƙa arba'in ga jita tana ƙara. Ni ma na sha danna musu laik na wuce. Ra'ayina ya sauya ne ranar da yayata, wadda ke karatun digiri na biyu a Granada ta ƙasar Sifaniya, ta kira ni ta bidiyo daga cikin wani shagon masu ƙera jita da hannu. Data ta ta sha wuya, amma ban yi da na sani ba.

Shagon yana kan hanyar Cuesta de Gomérez, gangaren da ake haurawa zuwa fadar Alhambra, wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina. An daɗe da sanin layin da masu wannan sana'a. Ɗaki ne ƙarami, bai fi shagon tela ba. Dattijon da ke ciki bai ma ɗago ya kalli wayar ba da farko. Wani sillen katako ya riƙe kusa da kunnensa yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa. Na ce, "Yaya, me yake yi haka?" Ta tambaye shi, ta fassara mini: sauraron katakon yake, don ya san ko zai ƙara kankare shi ko ya isa.

Wannan sillen shi ne fuskar jita, kaurinsa bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, kuma shi ne ke ba da sauti. Wanda ya tabbatar wa duniya haka shi ne Antonio de Torres, mutumin Almeriya, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A 1862 ya ƙera jita da baya da gefuna na kwali, fuskar kaɗai ya yi da katakon kirki, kuma ta yi ƙara. Tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Siffar jitar da muka sani yau daga wajensa ta zauna, har da 'yan sandunan nan guda bakwai da ake mannawa ta ciki kamar mafici don su tallafi fuskar. Dattijon ya juya nasa sillen ya nuna mana su. Ba za ka taɓa ganinsu ba bayan an rufe jitar.

A saman kansa akwai katakai jere, an rubuta shekara a jikin kowanne da fensir. Wasu sun girme ni. Sai sun bushe sosai ake taɓa su, shi ya sa busasshiyar iskar Granada ta dace da sana'ar. Baƙin katakon da ake ɗora yatsu a kai kuwa dangin kanyarmu ne, kuma da yawansa daga dazukan Kamaru ake kawo shi. Shi kansa ƙyallin da muke gani, ba fenti ba ne. Wani ƙaro ne da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan. Ana narka shi, a shafa da ɗan ƙullin tsumma, a bari ya sha iska, a sake shafawa, haka har makonni.

Duk wannan shi ake matsewa a daƙiƙa arba'in. Ban ce gajeren bidiyo laifi ba ne, aikin jarida nake karanta, na san ba kowa ke da haƙuri ko datar kallon awa guda ba. Abin da ke damuna shi ne ana yanke fuskar mai aikin, ba suna, ba gari, sai sunan mai shafin da ya kwafo ya liƙa a kusurwa. Shi ke samun mabiya da kuɗin talla. Wanda ya yi watanni a duƙe kuwa ko mai son saye ba zai san inda zai same shi ba.

Alhali su masu sana'ar sun daɗe da magance wannan. Yayata ta kai kyamara bakin ramin wata jita da aka gama. A ciki akwai 'yar takarda manne: sunan maƙerin, garinsa, shekara, da sa hannunsa. Da irin wannan takarda ake gane jitar gidan Ramírez na Madrid, wanda ke aiki tun 1882, kuma da ita jitar hannu ke kai dubban yuro, ta masana'anta kuwa kuɗi kaɗan.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da jitar Sifaniya? Ku duba shafukanmu. Sau nawa muka ɗauki masu rini a Ƙofar Mata, ko mai ɗinkin hula, ko mai haɗa gurmi da kalangu, muka ɗora waƙa a kai, muka rubuta "al'adarmu abin alfaharinmu", ba tare da mun tambaye shi sunansa ba, balle izininsa? Ni kaina na yi, a aikin aji ma, kuma aka ba ni maki. A darasi ana nanata mana cewa hoto ba ya fita sai da bayanin wane ne, a ina, yaushe. Muna kiyaye wannan idan ɗan siyasa ne ko mawaƙi. Idan mai sana'ar hannu ne sai ya koma "wani tsoho".

Ba abu ne mai wuya ba. Ka gaishe shi, ka nemi izini, ka rubuta sunansa da unguwarsa, ka tambayi kwana nawa aikin ya ci ka saka. Idan bidiyon wani ka gani babu suna, ka tambaya a ƙasa kafin ka tura gaba.

Kafin mu yi sallama yayata ta tambayi dattijon ko zan iya saka hoton da na ɗauka daga kiran. Ya ce babu damuwa, amma a jira ya goge ƙurar katakon da ke kan takardar tukuna.