Malam Takalmi Ya Koma Gida, Ni Ma Na Koma

A hutun da ya wuce na je gida Potiskum bayan na yi wata bakwai ban leƙa ba. Daga tasha ban zame ko'ina ba sai gidan kakata. Ta tarbe ni da Ngizimanci kamar yadda ta saba, ni ma na amsa gaisuwa ba tare da tuntuɓe ba, har ina jin kaina. Can tana haɗa miya sai ta ce in shiga ɗaki in ɗauko mata wani abu, ta faɗi sunansa. Na shiga, na tsaya ina kalle-kalle. Na fito da ludayi, ta girgiza kai. Na koma na fito da faifai. Daga ƙarshe wata 'yar maƙwabta da ba ta wuce shekara takwas ba ta shiga ta ɗauko maburgi. Kaka ta dube ni ta ce, "Wayyo, mijina ya tafi birni ya dawo mini Bahaushe." Matan gida suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mako biyu kafin nan na rubuta wannan kalma ta maburgi a jarrabawa, a matsayin misalin sunan kayan aiki mai ɗafa-goshin ma-. Na san ta da Hausa har da ƙirarta. Da harshen da aka yi mini rarrashi ina jariri kuwa, ta ɓace mini. Ni ɗan ƙabilar Ngizim ne, Hausa a waje na tsince ta, a makarantar allo da filin ƙwallo da kasuwa, ga shi yau ita nake karanta a jami'a.

Da dare na buɗe wayata na nemi ƙamus ɗin Ngizim, na sami kalmar. Wanda ya tace ƙamus ɗin Ba'amurke ne, Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Ɗalibai 'yan'uwana da yawa sun san sunansa a takardun nahawu da na karin waƙa, amma kaɗan ne suka san ya taɓa zama a garinmu. Masu Hausa suna kiransa Malam Takalmi, domin ma'anar sunan Schuh ke nan da Jamusanci.

An haife shi a Jihar Oregon a 1941, kuma Faransanci ya fara karantawa. Daga 1965 zuwa 1967 ya zo Jamhuriyar Nijar cikin 'yan sa kai na Peace Corps, ya yi aikin yaƙi da jahilci a yankin Agadas. Ya koma gida ya shiga karatun kimiyyar harshe. A 1969 ya sake fitowa, wannan karon zuwa Potiskum, lokacin ana cikin yaƙin basasa, garin kuma yana ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas, babu ko labarin Yobe, wadda sai a 1991 aka ƙirƙiro ta. Ya zauna har cikin 1970 yana tambayar tsofaffinmu yadda ake cewa kaza da kaza. Da abin da ya tara ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan ginin jimlar Ngizim a 1972. Bayan nan ya yi aiki da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, ya nazarci harshen Bade a Gashuwa, sannan a 1975 ya koma Los Angeles ya kama koyarwa, inda ya zauna har rasuwarsa a watan Nuwamban 2016.

Akwai wani kuka da Amurkawan da suka zauna a ƙasashenmu suka saba yi idan sun koma ganin gida. Suna cewa sun zama baƙi a garinsu. Ba wanda yake tsayawa ya tambaye su gajiya da iyali da kwanan gida. Kantuna sun cika da kaya har abin yana ba su tsoro. Dangi su ce, "Yaya Afirka?" kafin mutum ya buɗe baki sun koma hirar ƙwallo. Na yarda abin yana da ciwo, domin ni ma na ɗanɗani irinsa, ko da yake tafiyata ba ta kai ta jirgin sama ba. A gida ana ce mini, "Ya karatu?" in ce alhamdu lillahi, shi ke nan an rufe babin. Ba wanda yake son jin labarin ɗafa-goshi.

Amma a ganina wannan kuka an cika ba shi muhimmanci. Duk a kan matafiyin yake: yadda ya ji, yadda ya canza, yadda ba a fahimce shi ba. Mutanen da suka ba shi ɗaki da tuwo da kalmominsu fa? Su ba a tambayar abin da ya same su bayan ya ɗaure kayansa. Ni a wurina ma'aunin zaman baƙunci shi ne abin da mutum ya yi da kayan da ya tafi da su, kuma ko masu kayan sun sake ganinsu.

A nan ne nake ganin labarin Malam Takalmi yana da abin dubawa, kuma ba duka yabo ba ne. Ƙamus ɗinsa na farko na Ngizim ya fito a 1981, a Kalifoniya, da Ngizimanci da Ingilishi. Littafi ne mai daraja a wurin masana. To amma manomin da ya ba da kalmomin, ina zai gan shi? Ko ya gan shi, da wane Ingilishi zai karanta? Wani abokina a aji yakan ce Turawa suna zuwa su kwashi harsunanmu kamar yadda ake lodin shanu a kasuwar Potiskum a yi Kudu da su, su zama farfesoshi, mu a bar mu da ƙura. Idan da labarin ya tsaya a 1981, da ban sami bakin musa masa ba.

Sai dai bai tsaya nan ba. A 2001 Schuh da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, wanda Babole ne kuma tsohon ɗalibinsa, suka fara aikin binciken harsunan Jihar Yobe, kuma Potiskum ce matattarar aikin. Suka ɗauki masu jin harsunan suka koya musu yadda za su rubuta abinsu da kansu. A 2004 aka buga ƙamusoshin Ngizim da Bole da Karekare da Ngamo da Bade, kowanne da fassarar Ingilishi da Hausa, a maɗaba'ar Ajami da ke cikin Potiskum, ba a Amurka ba. Sunayen 'yan ƙasa ne a bango a matsayin marubuta, shi kuma ya tsaya a matsayin edita. A 2009 aka sake buga su da ƙari. Wato mutumin da ya koma gida tun 1975 bai ɗauki komawar a matsayin sallama ba. A can ya shekara da shekaru yana koyar da Hausa, har da darussan bidiyo na Hausar Baka da aka ɗauka a Kano. A nan kuma ya dawo da kayan da aka ba shi ajiya, ko da yake shekara 23 ke tsakanin ƙamus na farko da wanda aka buga a garinmu, kuma da yawa daga cikin tsofaffin da suka yi masa magana a 1969 ba su ga wannan rana ba.

Abokin nawa yana da wata magana da ban iya turewa ba. Ya ce sanya Hausa a cikin ƙamusoshin shaida ce cewa Hausa ta riga ta ci garin. Gaskiya ne. Ɗan Ngizim da ɗan Karekare idan sun haɗu a tasha, da Hausa suke ciniki. A dā daga Barbarci Ngizimanci ya yi ta aron kalmomi, kamar yadda Schuh ɗin ya nuna a rubuce-rubucensa, yanzu kuwa yara ba aro suke yi ba, ƙaura suke yi gaba ɗaya. Kuma Hausa ba baƙuwa ba ce, 'yar'uwa ce, duka harsunan nan 'yan gidan Cadi ne, har ma Bolanci da Karekare sun fi Ngizimanci kusa da ita. Wataƙila shi ya sa ba ma jin zafin shigarta. Ƙamus kuma ba ya sa yaro magana. Ni kaina hujja ne: littafin yana cikin wayata, amma ban buɗe shi ba sai da aka yi mini dariya.

Saboda haka zargina ba a kan Ba'amurken yake ba, a kanmu yake, mu 'yan wannan sashe da Hausa ba ita ce harshen uwarmu ba. Muna da yawa, Bolewa da Barebari da Tangale da Fulani da sauransu. An koya mana yadda ake sa alamar karin sauti, da yadda ake rarrabe aji-ajin fi'ili, da yadda ake ɗaukar tatsuniya a rubuta ta. Shi sai da ya tsallaka teku ya koyi gaisuwa daga farko kafin ya yi wannan aiki. Mu kuɗin mota kawai muke biya, masu harshen kuma su ne suke dafa mana abinci. Duk da haka idan mun je hutu sai mu zauna a majalisa muna ƙorafin wuta da zafin gari da rashin intanet, kamar dai Amurkawan nan da nake sukar kukansu.

Kafin in dawo makaranta na sayi littafin rubutu mai shafi 80 na kai wa Kaka, na ce ina son ta riƙa faɗa mini sunayen kayan ɗakin girki ina rubutawa. Ta ce ba kyauta ba, sai da goro, kuma duk tambayar da na yi da Hausa ba za ta amsa ba. A rana ta farko mun sami kalma 31. Guda huɗu ban same su a ƙamus ɗin ba, na ja musu layi da jan biro.