In baƙuwa ta sandare mai masauki

Ma'aikata da ƴan kasuwa da dama sun saba ajiye tsohon tsarin lissafinsu cikin wata kwamfuta ta boge da ke zaune cikin ta gaskiya. Masana na ce ma ta gaskiyar mai masauki, ta bogen kuwa baƙuwa. VirtualBox, wanda kamfanin Innotek na Jamus ya fito da shi a 2007, kuma ya koma hannun Oracle a 2010, yana cikin waɗanda aka fi sani wajen wannan aiki.

To, ga inda gizo ke saƙa. Baƙuwa ta ƙi motsi, mutum ya danna Reset domin ta sake tashi, sai mai masaukin da kanta ta sandare, a rasa aikin yini guda da ba a adana ba.

Sau da yawa laifin na hanyar sadarwa ne. In an zaɓi hanyar gada, wato baƙuwa ta shiga rezo kamar kwamfuta mai zaman kanta, VirtualBox na amfani da wani direba mai tace saƙonni da ke can cikin zuciyar tsarin mai masauki: VBoxNetLwf a Windows, vboxnetflt a Linux. Reset tamkar cire wuta ne ba sallama. Idan direban nan ya yi karo da na rigakafin birus ko na VPN, kowa ya tsaya jiran ɗan'uwansa, to duk gidan ne ke tsayawa.

Gwajin ba shi da wuya. A maida baƙuwa kan NAT, wadda ba ta bi ta wannan direba, a sake danna Reset sau da dama. In sandarewa ta daina, an kama ɓarawo. Daga nan sai a sabunta VirtualBox da direban katin rezo, a dakatar da VPN da rigakafin ɗaya bayan ɗaya, ba gaba ɗaya ba, in ba haka ba ba za a san mai laifi ba. Masu Linux da suka canja zuciyar tsari su sake gina direbobin da umurnin /sbin/vboxconfig. Masu Windows kuwa su duba ko Hyper-V na kunne, don shi ma yakan yi kishi da VirtualBox.

In har a kan NAT ma tana sandarewa, zargi ya bar rezo. Sai a kai ma teknisiye fayil ɗin VBox.log, tare da faɗa masa daidai lokacin da abin ya faru. Kafin ya zo, a riƙa kashe baƙuwa ta hanyar ACPI, a ƙyale Reset.