RA'AYINMU: A Gaya wa Mai Saye Abin da Ke Cikin Kwali

An daɗe ana muhawara a kan ko ya wajaba a riƙa buga bayani a jikin kwalin kaset ko faifan bidiyo domin amfanin mai saye wanda bai san kan kayan ba. Wasu na ganin ɓarnar takarda ce kawai, har sukan ce wanda bai iya sa faifai a na'ura ba bai cancanci mallakar na'urar ba. Mu a wannan mujalla ba mu tare da su. Ra'ayinmu shi ne, ruɗanin da mai saye ke shiga masu ƙera kayan da masu sayar da su ne suka haddasa shi, saboda haka a wuyansu nauyin warware shi ya rataya, kuma da harshen da mai saye yake ji.

Tarihin sana'ar ya isa shaida. A 1975 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da na'urar bidiyo ta gida mai suna Betamax. A 1976 sai kamfanin JVC, shi ma na Japan, ya fito da VHS. Aikinsu ɗaya, amma kaset ɗin wannan ba ya shiga na'urar waccan. Aka shafe fiye da shekara goma ana gasa, har a 1988 Sony da kansa ya soma ƙera na'urar VHS. Duk magidancin da ya zuba kuɗinsa a Betamax sai ya wayi gari kantuna sun cika da fina-finan da ba zai iya kallo ba. Bayan shekaru talatin aka sake irin wannan rigima tsakanin faifan Blu-ray da na HD DVD, daga 2006 har zuwa 2008 da kamfanin Toshiba ya janye nasa. A duka biyun, kamfanoni ne suka yi kokawa, mai saye ne ya sha ƙasa.

Tsarin talabijin ma ya zo da nasa. Amurka da Japan sun yi amfani da tsarin NTSC mai layi 525, Nijeriya ta bi Ingila a kan PAL mai layi 625, ita kuwa Jamhuriyar Nijar ta bi Faransa a kan SECAM. Ga Kano ga Maraɗi, harshe ɗaya, dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma kaset ɗin da aka ɗauka da SECAM in an sa shi a na'urar PAL sai launi ya ɓace, hoto ya koma baƙi da fari. Na Amurka kuwa sau da yawa hoton ya riƙa birgima, ko ya ƙi fitowa sam. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗauki lafiyayyen akwatinsa ya kai wa mai gyara. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Da faifan DVD ya fito a 1996, sai kamfanonin fim suka raba duniya shiyya shida da gangan, domin su riƙe ikon lokacin da fim zai fita da farashin da za a sayar da shi a kowace ƙasa. Amurka da Kanada suka zama shiyya ta 1. Yawancin Turai da Japan da Saudiyya suka zama ta 2. Nijeriya da Nijar da mafi yawan Afirka aka haɗa su da Indiya da Rasha a ta 5. Alhajin da ya sayo faifan shiyya ta 2 a Jidda a matsayin tsaraba, in na'urarsa ta gida a kulle take a kan shiyya ta 5, sai ta ƙi karɓa. Duk gargaɗin da aka yi masa shi ne wani ɗan zanen duniya da lamba a tsakiya, a can ƙasan bayan kwali, wanda bai kai girman farce ba. Wa zai ce wannan bayani ne?

Akwai kuma misalin da ya nuna amfanin bayani in an yi shi. Allon silima ya fi tsohon akwatin talabijin faɗi nesa ba kusa ba. In ana so fim mai faɗin allo ya cika akwatin, sai an yanke gefe da gefe, wani lokaci a yi asarar fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton. In kuwa an bar shi yadda aka ɗauke shi, sai baƙin layi ya fito sama da ƙasa. Masu saye da dama a Amurka sun zaci lalacewa ce, ko kuma an rage musu hoto. Kamfanoni suka shiga buga ɗan bayani a kan kwali cewa baƙin layin ba aibi ba ne, haka aka yi fim ɗin. A ƙasar da kusan kowa ya yi makaranta, kuma da harshen mutanen aka yi rubutun, sai da aka bukaci wannan. To ina ga namu mutanen da ake kawo wa kaya da rubutun Turanci ko Faransanci ko Sinanci?

Mu dawo gida. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin Hausa ya zama babbar sana'a, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar da kaset da faifai ke fita zuwa ko'ina ake jin Hausa. A nan ba za mu ɗora wa baƙo laifi ba, domin mai shiryawa Bahaushe ne, mai saye ma haka. Duk da haka kwalin ya fi ba da ƙarfi ga fuskokin 'yan wasa. Labari ɗaya akan raba shi kashi biyu ko uku ko huɗu, kuma ba kullum mai saye ke sanin inda zai ƙare ba sai ya kai ƙarshen na ɗaya. Faifan VCD ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, don haka fim mai tsawo sai faifai biyu. Da faifan satar fasaha mai fina-finai goma ko ashirin ya cika kasuwa, sai ciniki ya koma na biri a sama.

Abin da ya fi kuɗi muhimmanci shi ne tarbiyya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa a 1993, ta Jihar Kano kuma a 2001. Hukumar ta ƙasa tana da alamominta na shekaru, irin su G da PG da 15 da 18. Amma uwar da ba ta yi boko ba, me haruffan PG za su gaya mata? Ingila ta kafa doka a 1984 wadda ta tilasta a tace bidiyo kuma a buga alamar shekaru a jikin kwali, alamar kuwa ta yi aiki domin an yi ta da harshen masu ƙasa. Mu mun aro alamar, mun bar ma'anarta a can.

Mun san hujjojin masu ja da mu. Sukan ce mutane ba sa karanta kwali. Amsarmu ita ce ba a taɓa rubuta musu abin da za su iya karantawa ba, balle a ce sun ƙi. Dubban mutanen da ake kira jahilai suna karanta ajami, kuma da wuya a sami gidan da babu ɗan makaranta. Sukan ce yawan rubutu zai cika kwali. Wannan gaskiya ne, shi ya sa muke neman layi kaɗan masu amfani, da manyan baƙaƙe. Sukan kuma ce matambayi ba ya ɓata, mai saye ya tambayi mai kanti. Amma mai kanti so yake ya sayar, kuma magana ba ta zama shaida ranar da aka dawo da kaya. Rubutu shi ke kare su duka biyun.

Wani zai ce ai zamanin kwali ya wuce. Lalle kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, kuma yau mafi yawan jama'a a waya suke kallo, ko daga YouTube ko daga masu tura fina-finai a bakin kasuwa. Wannan ƙara wa matsalar nauyi ya yi. Fim ɗin da aka tura wa yaro a waya ba shi da kwali, ba shi da alamar shekaru, wani lokaci ko sunansa na gaskiya babu. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Tarayya ta 2018 ta tanadi haƙƙin samun bayani cikin sauƙaƙƙen harshe da ake fahimta, kuma wannan haƙƙi bai faɗi ba don kwali ya ɓace.

Bisa ga haka muna kira da a tilasta bayyana abu huɗu da Hausa, da boko da ajami, a kan kowane kwali, da kuma a farkon kowane fim da ake turawa: irin na'urar da zai yi aiki a kanta, tsawonsa da yawan kashin da aka raba shi, harshen da aka yi shi ko aka fassara shi, da shekarun wanda ya dace ya kalla. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da hukumomin tace fina-finai a tsayar da kalmomi guda da kowa zai bi.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe ku ne a kan kujerun waɗannan hukumomi. Ilimin da aka ba mu da kuɗin talakawa amana ce, kuma ba ya halatta mana yi wa wanda bai san bambancin PAL da SECAM ba dariya, tun da mu ma gaya mana aka yi. Duk wanda takarda ta biyo ta teburinsa, ya tambayi kansa ko mahaifiyarsa za ta fahimce ta in an karanta mata. In ba za ta fahimta ba, a mayar a sake rubutawa. Allah ya sa mu dace.