Me Ya Kai Su Teku?

Duk wanda ya karanta labarin jiragen ruwa na zamanin da, tun ba a san inji ba, sai iska da filafilai, ba ya rasa tambayar kansa, shin me zai sa mai hankali ya bar tudu ya kai kansa ga halaka da ƙafarsa? Amsar da a kan ba mu ita ce jaruntaka da son ganin duniya. Ban ƙaryata ba, amma a ganina dalilin shugabanni ƙalilan ne a ka ɗauka a ka yafa wa dubban talakawa masu jan igiya.

Hatsarin kam ba na wasa ba ne. Cikin 1740 wani hafsan Ingila, George Anson, ya tashi da jiragen yaƙi 6 da mutum wajen 1,900 don ya faɗa wa ƙasashen Sifen da ke Amurka ta Kudu. Ran da ya komo gida cikin 1744, jirgi ɗaya tak ya rage masa, fiye da mutum 1,000 kuwa sun mutu. Ba harsashi ya cinye su ba. Yawancinsu ciwon sikabi ne, wanda kan kumbura dasashi, haƙora su yi ta zuba, tsohon miki ya sake buɗewa, duk don rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace. Sai 1795 a ka soma raba ruwan lemun tsami ga sojan ruwan Ingila baki ɗaya.

To, da farko dai mu cire waɗanda ba su zaɓa ba. In yaƙi ya tashi, dokar Ingila ta yarda a kama ma'aikatan jiragen fatauci a sa su cikin jiragen Sarki, ko sun so ko sun ƙi. Cikin mutanen Anson ma har da tsofaffin soja 259 da a ka kwaso daga gidan jiyya na Chelsea, kuma ko ɗaya bai komo ba. Wanda ya kira wannan son ganin duniya ya zalunci matattu.

Sauran fa? Hausawa kan ce, in ka ga gemu na gudu, mai gemu ya koro shi. Ni kuwa na ce yunwa ta koro su. Ɗan ƙodago a gonakin Ingila ba shi da gona tasa, aikinsa kan yanke da hunturu, nama kuwa sai jifa-jifa. A jirgin Sarki an yanka wa kowa laba guda ta biskit kowace rana, da nama sau 4 a mako. I, naman gishiri ne mai taurin ƙirgi, biskit ɗin kuma ƙwari sun riga ka ɗanɗanawa, amma tuwon da ke zuwa kullum ya fi wanda a ke jira. Ga kuma albashi, sule 24 a wata ga gwanin matuƙi, ba kuɗin haya, ba cefane.

Bayan ciki sai kwaɗayi. Jirgin abokan gaba da a ka kama ganima ne, a kan sayar a raba wa kowa gwargwadon matsayinsa. Anson ɗin nan ya kama babban jirgin Sifen mai ɗauke da azurfa kusa da Filifin cikin 1743, har sai da a ka cika keken doki 32 a ka ratsa Landan da dukiyar, jama'a na kallo. Kuna tsammani yaron da ya ga wucewar kekunan nan ya tsaya ƙidayar waɗanda a ka jefa cikin ruwa? Cikin 1762 a ka kama wani jirgin Sifen mai suna Hermione, kowane ƙaramin matuƙi ya tashi da wajen fam 485, watau fiye da albashinsa na shekara 30. Irin wannan sa'a ba ta cika faɗowa ba, galibi sun ƙare aiki ba su ga ko kusa da haka ba. Amma labari ɗaya ya isa cika tashar jiragen ruwa da samari, gama a gona ba wanda ya taɓa wayar gari mai arziki.

Dalilin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne, teku ba ta tambayar ɗan wane ne. A rundunar ƙasa ta Ingila da kuɗi a ke sayen muƙamin hafsa har 1871. A ta ruwa kuwa sai mutum ya yi shekaru cikin jirgi, sa'an nan ya ci jarrabawa, domin jahili ɗan sarauta zai nutsar da jirgi da kowa da kowa. Ban ce ba a alfarma ba, a na yi ƙwarai, amma an bar ƙofa. James Cook ɗan ma'aikacin gona ne, a jiragen dakon kwal na Whitby ya koyi aiki. Ya shiga jirgin Sarki cikin 1755 a matsayin matuƙi, cikin 1768 a ka danƙa masa jirgi ya nufi tekun Fasifik. Can ya bar ransa, a Hawayi, cikin 1779.

Masu cewa wauta ce ko zafin jini su dubi abin da ya faru a Spithead cikin 1797. Albashin nan na sule 24 bai motsa ba tun 1653, alhali kome ya yi tsada. Sai matuƙa su ka haɗa baki su ka ƙi ɗaga anka, su ka rubuta kukansu cikin ladabi, su ka kuma ce in jiragen Faransa sun fito za su tashi su tare su. Ba tekun su ka ƙi ba, farashin da a ka sa wa ransu su ka raina. Gwamnati ta ƙara wa gwanin matuƙi sule 5 da sisi a wata, Sarki ya yafe musu, su ka koma bakin aiki.