Wa Ke Zaɓen Ciyaman?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, ƙasarmu ta Bakura da Talata Mafara da Maradun ta haifi gwamnoni uku: Yariman Bakura a 1999, Abdul'aziz Yari a 2011, Bello Matawalle a 2019. To, abin mamaki, mutanen da suka iya ba Zamfara gwamna har sau uku, ba a yarda sun isa su zaɓi ciyaman ɗin ƙaramar hukumarsu ba.

A 1976 gwamnatin soja ta rushe tsarin En'e, ta kafa ƙananan hukumomi domin a kusantar da mulki ga talaka. Sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 kuwa ya ce zaɓaɓɓu ne za su riƙe su. Amma me muka gani? Shekara da shekaru kantomomi aka yi ta naɗa mana daga Gusau. In kuma an ce za a yi zaɓe, gwamna ne ke naɗa hukumar da za ta ƙirga ƙuri'a. A 2019 APC na kan mulki, ta cinye kujeru 14 duka. A Nuwamba 2024 PDP na kan mulki, ita ma ta cinye 14 ɗin. Jama'a, ra'ayin talakawa ne ya juya gaba ɗaya haka, ko kuwa mai riƙe da akwati ne ya canja?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Ciyaman ɗin da gidan gwamnati ya ba kujera, gidan gwamnati zai yi wa biyayya. Manomin Tsibiri da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona, ko matar da ta iske asibitin ƙauye ba magani, ƙofar wa za su ƙwanƙwasa? Iyayenmu ba su manta Bakolori ba, inda a 1980 manoma suka nemi diyyar gonakinsu aka amsa musu da harsashi. Inda babu wakili na kusa mai jin kunyar jama'a, kuka ba ya isa sama sai ya zama jini.

Wasu za su ce ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma ya saɓa wa doka. Madalla. Amma kuɗi a hannun wanda ba mu muka zaɓa ba, ai an sake wa tuwo suna ne kawai.

Saboda haka ra'ayina shi ne a raba gwamna da ikon naɗa hukumar zaɓen jiha. Kafin nan, mu da talakawa suka biya wa kuɗin karatu, in mun je hutu mu nemi kansilan mazaɓarmu, mu tambaye shi nawa aka samu, me aka yi da shi. Ran zaɓe kuma mu tsaya a rumfa har a ƙirga a gabanmu. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. A bar shi ya zaɓi mai yi masa yaɓe.